Kalmar da ta cinye mana maki bakwai

Ƙannenmu na sakandare, musamman ku 'yan ajin kimiyya. Yau labarin wata kalma guda muka zo muku da shi. Tun muna aji biyar muka haddace ta, muka shiga WAEC da NECO da ita, muka wuce, muna ganin mun gama da ita. Sai da muka shiga jami'a ta tsaya mana a wuya. Kalmar ita ce oksideshan.

Mu biyar aka haɗa a benci guda a ɗakin gwaje-gwajen kemistiri, a zangon farko na shekararmu ta farko, maza uku, mata biyu. Tsarin shi ne tare za a yi gwaji, tare za a rubuta rahoto guda, makin da rahoton ya samu kuma shi ne na kowa. Biyu daga cikinmu likitanci suka shigo karantawa, ɗaya harhaɗa magunguna, kuma a makarantarmu wanda ya faɗi kemistiri a shekarar farko ba ya haurawa aji biyu a waɗannan fannoni. A gida kuwa an riga an fara kiran wasunmu "Dakta". Don haka maki goma na kowane rahoto ba abin wasa ba ne a wurinmu.

Gwajin ranar mai sauƙi ne. Aka ba mu ruwan kofa salfet, CuSO₄, a kwalbar gwaji, shuɗi kamar ruwan bula. Aka ce mu jefa ɗan guntun zinki a ciki, wato tutiya, ƙarfen nan da ake shafe kwanon rufi da shi. Muka jefa, muka zuba ido. Ba a jima ba guntun ya fara yin ja-ja mai duhu, kamar an barbaɗa masa garin jan bulo. Shuɗin ruwan ya riƙa kodewa a hankali, kwalbar ta ɗan yi ɗumi a hannu. A ƙasan takardar akwai tambaya: shin an samu oksideshan a wannan gwaji? Ku kawo hujja.

A gindin darbejiyar da ke bakin ɗakin muka zauna, muka yi ta musu har la'asar. Uku suka ce babu. Hujjarsu ita ce oksideshan ƙarin iskar oksijin ne ga wani abu, sunan ma ya faɗa da bakinsa, kuma a wannan gwaji ba a kunna wuta ba, ba a hura iska ba, to daga ina oksijin zai fito? Biyu suka ce akwai, domin ga O₄ nan a jikin salfet, ke nan oksijin ya bar jan ƙarfe ya koma wa zinki. Masu rinjaye suka yi nasara. Muka rubuta da kyakkyawan rubutu cewa babu oksideshan saboda babu oksijin, har muka ja layi a ƙarƙashi.

Bayan mako guda rahoton ya dawo da uku cikin goma. A gefe Malama ta yi rubutu da jan biro, da Turanci, abin da ma'anarsa ita ce: sunan kuka karanta, kwalbar ba ku karanta ba.

Muka kwashi jiki zuwa ofishinta. Biyun da aka rinjaya suna gaba, suna ta "ai mun faɗa muku". Malama ta saurari hujjarsu har ƙarshe, sannan ta ce su ma da uku za su tashi, ko huɗu in ta ji tausayinsu. Salfet ɗin da suke taƙama da shi, in ji ta, ɗan kallo ne. Yadda ya shiga ruwan haka ya zauna, oksijin ɗinsa huɗu cif, bai ba kowa ba, bai karɓi na kowa ba.

"To, Malama, ina oksideshan ɗin yake?"

Ta jawo takarda ta ce, "Tambaya uku zan yi muku. Wa ya bayar? Wa ya karɓa? Nawa aka bayar?"

Muka yi tsuru-tsuru. Sai ta tuna mana abin da muka sani tun aji huɗu: kowace ƙwayar zarra tana da 'yan ƙananan ƙwayoyi masu caji da ke kewaye da tsakiyarta, su ne ilektiron. Jan ƙarfen da ke cikin ruwan nan ya rasa guda biyu daga cikin nasa, shi ya sa ake rubuta shi Cu²⁺, kuma shi ne ya ba ruwan launin shuɗi. Zinki ya fi shi saurin sakin ilektiron. Da suka haɗu, kowace ƙwayar zinki ta saki biyu ta narke cikin ruwan, jan ƙarfe ya karɓe su ya koma ƙarfe sosai, ya kwanta a jikin guntun. Ja-jan da muka gani ke nan. Ta rubuta layi biyu:

Zn → Zn²⁺ + 2e⁻

Cu²⁺ + 2e⁻ → Cu

Ta ce na sama shi ne oksideshan, na ƙasa ridakshan. Wanda ya rasa ilektiron ya yi oksideshan, ko da oksijin a wurin ko babu.

Abin kunyar shi ne ba ranar muka fara jin wannan ba. A aji biyar an rubuta mana ma'anonin kalmar guda huɗu a allo: ƙarin oksijin, cire haidurojin, rasa ilektiron, da hauhawar lambar oksideshan. Mun kwafe su, mun haddace su kamar karatun aku, mun zubar da su a takardar jarrabawa. Amma ta farko kaɗai ta zauna mana a kai, domin ita ce ke cikin sunan. Hausawa sun ce suna linzami ne. Mu dai wannan linzamin ya ja mu ya kai mu rami.

Makon nan gaba ɗaya muka yi shi a laburare, muna neman yadda aka yi suna ya saɓa da ma'ana haka. Ga abin da muka tarar.

A shekarun 1770 wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Antoine Lavoisier, ya nuna cewa idan abu ya ƙone, ko ƙarfe ya yi tsatsa, haɗuwa yake yi da wani sashe na iskar da muke shaƙa. Wannan sashen kusan kashi 21 cikin 100 ne na iska. Shi ya raɗa masa suna oksijin, daga kalmomin Girkanci biyu da ke nufin "mai haifar da tsami", domin ya ɗauka duk wani asid yana ɗauke da shi. A 1810 Humphry Davy a Ingila ya nuna cewa kulorin sinadari ne mai zaman kansa, kuma asid ɗin nan HCl, wanda har a cikin tumbinmu akwai shi, babu ɗigon oksijin a cikinsa. Ke nan sunan oksijin kansa a kan kuskure aka raɗa shi. Amma suna ya riga ya bi baki, ba a canza ba. Daga wannan suna aka samo oksideshan, da ma'anar haɗuwa da oksijin.

A zamanin ba wanda ya san da ilektiron. Sai a 1897 J.J. Thomson ya gano shi. Daga nan masana suka fara ganin abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa. Ku ɗauki zirin magniziyam ɗin nan da ake kunnawa a ɗakin gwaji ya ba da farin haske mai kashe ido. Idan ya ƙone a iska, giram 24 nasa kan haɗu da giram 16 na oksijin su ba da giram 40 na farar toka, MgO. Kowace ƙwayar magniziyam ta ba da ilektiron biyu, oksijin ya karɓa. Idan kuma aka ƙona shi a cikin iskar kulorin, sai a samu MgCl₂. Nan ma kowace ƙwayar magniziyam ilektiron biyu ta bayar. Ta ɓangaren magniziyam babu wani bambanci: abin da ya fita daga hannunsa ɗaya ne, mai karɓar ne kawai ya canza. Sai masana suka ga babu dalilin ba abu ɗaya suna biyu, suka faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalmar ta haɗe duka. Hatta gishirin miya, NaCl, idan aka haɗa shi daga sodiyam da kulorin, oksideshan ne sodiyam ya yi, alhali babu oksijin ko a maƙwabta.

Ɗaya daga cikin 'yan matan bencinmu ce ta kawo misalin da ya zaunar mana da abin. Ta ce a gidansu akwai matar baffanta da har yau ake kira Amarya, 'ya'yanta shida, babbar ma ta yi aure. Ranar da aka sa mata sunan gaskiya ne. Sabon Garin Kano ya haura shekara ɗari, har yanzu Sabon Gari ne. Baƙon da ya shiga gidan yana neman mai lalle a ƙafa, ko ya shiga unguwar yana neman sababbin gine-gine, shi ya ruɗi kansa. Haka oksideshan yake. Sunan yana ba ka labarin inda kalmar ta fito. Aikin da take yi a yau sai ka duba ilektiron.

Abokiyar tafiyarta, ridakshan, ita ma tana da irin wannan tarko. Ma'anarta ragewa, amma ga shi an ce karɓar ilektiron ce. Yaya za a yi wanda ya karɓa a ce ya ragu? Kalmar daga wajen masu narkar da tama ta fito, sana'ar da ƙasarmu ta daɗe da sani, domin a Taruga kusa da Abuja an tono matoyan ƙarfe na mutanen Nok da suka haura shekara 2,000. Idan aka gasa tama da gawayi, gawayin yana janye oksijin ɗin da ke cikinta, ƙarfe ya rage. Giram 160 na Fe₂O₃ ba ya ba da fiye da giram 112 na ƙarfe. Abin da ido ya gani raguwa ce, sunan ya dace. Amma a ƙarƙashi, ƙarfen ilektiron ya karɓa. Kuma da yake cajin ilektiron na debewa ne, kamar bashi yake: wanda ya karɓe shi lissafinsa ƙasa yake yi. Jan ƙarfenmu ya karɓi biyu, ya sauko daga +2 zuwa 0. Zinki ya ba da biyu, ya hau daga 0 zuwa +2. Tun daga ranar muka riƙe abin da maganar da kowa ya sani, cewa hannu mai bayarwa shi ne a sama. Wanda ya bayar ya hau, oksideshan ke nan. Wanda ya karɓa ya sauka, ridakshan ke nan. Kuma ba a bayarwa sai da mai karɓa, don haka kullum tare suke faruwa, shi ya sa ake haɗe sunayen a ce ridoks.

Da hutun zango ya zo, ɗaya daga cikinmu ya gayyace mu Kano. Kawunsa marini ne a marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Mun je ne kallo kawai, sai muka tarar da darasinmu yana jiran mu a bakin rijiya. Kawu ya tsoma farin ƙyalle a ruwan baba, ya jujjuya shi, ya ɗago. Muka ga ya fito tsanwa-tsanwa, ba shuɗi ba.

"Kawu, ko ruwan bai nuna ba ne?"

Ya yi dariya ya ce, "'Yan boko ke nan. Ku bari ya sha iska."

Ya baza shi. A gaban idonmu tsanwar ta riƙa juyewa, kafin wani lokaci ƙyallen ya zama shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, kowane zagaye shuɗin yana ƙara duhu.

Ga abin da ke faruwa. Launin baba ba ya narkewa a ruwa, don haka ba zai shiga zare ba. Idan aka jiƙa baba da toka a rijiya aka bar shi makonni, ƙananan halittun da ido ba ya gani suna mai da shi wani nau'i mai narkewa, wato suna yi masa ridakshan. Shi ne ke ratsa zaren. Da an ɗago ƙyallen ya haɗu da iska, sai ya yi oksideshan ya koma shuɗin da ba ya narkewa, ya maƙale a cikin zaren. Abin da ya ba mu mamaki da muka koma littafi shi ne, ko a nan da oksijin ne ya yi aikin, ba shiga jikin baban ya yi ba. Nau'in da ke cikin rijiya C₁₆H₁₂N₂O₂ ne, shuɗin kuma C₁₆H₁₀N₂O₂. Ku ƙirga da kanku: oksijin biyu ne kafin, biyu ne bayan. Haidurojin biyu ne suka fita. Ma'ana ta biyu ke nan da muka haddace a aji biyar ba mu taɓa ganin ta da ido ba. Kawu bai san sunan ba, amma ya san lokacin da za a ɗago da lokacin da za a mayar. Mu mun san sunan, mun ci uku cikin goma.

Saura ma'ana ta huɗu, wadda ita ce ta fi amfani a ɗakin jarrabawa. Akwai sinadaran da ba a miƙa ilektiron a cikinsu gaba ɗaya, tarayya ake yi, sai dai wani ya fi wani ja. Don a iya bin sawu a irin wannan hali aka ƙirƙiro lambar oksideshan. Lissafi ne na "a ce": a ce wanda ya fi ƙarfin ja ya kwashe duka, nawa kowa zai tashi da shi? Ƙa'idojin ba su da yawa. Sinadarin da ke zaune shi kaɗai, kamar Zn ko O₂, lambarsa 0. Oksijin a haɗe yawanci −2 ne, sai a irin H₂O₂ da yake −1. Haidurojin yawanci +1. Idan aka tara lambobin duka a sinadarin da ba shi da caji, dole su ba da 0.

Ku gwada da KMnO₄, ruwan nan mai launin shunayya. Fotasiyam +1, oksijin huɗu −8, ke nan manganis +7 ne. Ku gwada da iskar gas, CH₄: haidurojin huɗu +4, ke nan kabon −4. Idan ta ƙone ta zama CO₂, kabon ya koma +4. Ya hau, ya yi oksideshan. Lambobin Romawa da kuke gani a sunayen sinadarai, II da III a bayan sunan ƙarfe, wannan lambar suke faɗa. Fe²⁺ a ruwa kore ne mai haske, Fe³⁺ ruwan ɗorawa mai ja-ja. Ilektiron guda ne tsakaninsu.

Wannan lissafin ne zai tsare ku daga kuskuren da ke ɗaya gefen, wato ganin O a rubuce ku ce an yi oksideshan. Kun san gwajin da ake hura numfashi a ruwan Ca(OH)₂ ya yi fari kamar madara, saboda CO₂ ya haɗu da shi ya ba da CaCO₃. Oksijin ko'ina, hagu da dama. Amma ku lissafa: kalsiyam +2 ne kafin da bayan, kabon +4, oksijin −2, haidurojin +1. Ba wanda ya hau, ba wanda ya sauka. Babu oksideshan a nan ko kaɗan.

Tarko na ƙarshe shi ne na oksidaizin ejan, wato sinadarin da ke sa wani ya yi oksideshan. Ɗalibai da yawa kan ɗauka shi ne ya yi oksideshan ɗin, saboda sunan. Shi ne mai karɓa. Ya sa wani ya bayar, shi kuma ya sauka. A kwalbarmu Cu²⁺ ne ejan ɗin, kuma ridakshan ya yi. Zinki da ya bayar shi ne ridusin ejan. Wannan halin bayarwa na zinki shi ya sa ake shafe kwanon rufi da shi: ko kwanon ya ƙarzu, zinki ne ke riga ƙarfen sakin ilektiron, ya ci gaba da cinyewa a madadinsa. Sai ya ƙare tsatsa ke samun hanya.

Kada ku ɗauka ma'anar farko ƙarya ce. Tsatsar ƙofar gidanku da damina, gawayin da ke ci a murhu, goron da aka ɓare ya canza launi, duk da oksijin ake yin su. Rigar yarinta ce, ta yi wa kalmar kaɗan. Idan a jarrabawa aka ce ku bayyana oksideshan ta fuskar oksijin, ku ba su ta oksijin. Idan aka ce ta fuskar ilektiron ko ta lamba, ku ba su wannan. Idan kuwa aka ajiye muku lissafin haɗuwar sinadarai aka ce ku nuna wanda ya yi oksideshan, kada ku fara da neman harafin O. Ku rubuta lambar kowa a samansa, hagu da dama, ku ga wanda ya motsa.

Dokar da muka kafa wa kanmu a bencin nan ita ce, ba za mu sake rubuta kalmar ita kaɗai ba. "An samu oksideshan" ba amsa ba ce. Sai jimlar ta faɗi wane ne, nawa ya bayar, daga ina zuwa ina: zinki ya yi oksideshan, domin ya ba da ilektiron biyu, lambarsa ta tashi daga 0 zuwa +2. Duk ranar da muka kasa cika jimlar haka, mun san ba mu gane ba tukuna, sai mu koma mu sake dubawa.

Rahotonmu na gaba a kan KMnO₄ ne. Muka riƙa ɗiga shi a ruwan Fe²⁺ mai asid, shunayyar tana ɓacewa da zarar ta taɓa ruwan. Muka rubuta cewa manganis ya sauko daga +7 zuwa +2, ya karɓi ilektiron biyar, ƙwayoyin ƙarfe biyar kowace ta ba da ɗaya ta hau daga +2 zuwa +3. Muka samu tara. Ɗayan makin ya tafi ne saboda a wuri guda mun rubuta 7 ba tare da alamar + ba, Malama ta zagaye shi da jan bironta. Dukanmu biyar mun haura aji biyu, ɗaya da ƙyar. Maki bakwai ɗin nan dai ba su dawo ba, kuma da ƙarshen zango sun hana biyu daga cikinmu darajar da suka sa rai.

Ku da ke da sauran lokaci, ga aikin gida. Ku samo ƙusa uku sababbi. Ɗaya ku ajiye ta a busasshiyar kwalba ku rufe. Ta biyu ku sa ta a kwalba da ɗan ruwa, rabinta a waje. Ta uku ku nutsar da ita a ruwan da aka tafasa sosai, ku zuba man gyaɗa a sama ya toshe iska. Bayan mako guda ku duba. Wadda ta yi tsatsa, ku zauna da abokan karatunku ku amsa tambayoyin Malama a kanta: wa ya bayar, wa ya karɓa, nawa aka bayar? Masu shirin jarrabawa a bana, Allah Ya ba ku sa'a.